Osmomita: wanne za ka saya idan kana haɗa ruwan jijiya ko na wankin ƙoda?

Duk mai haɗa ruwan da za a ƙara wa mutum a jijiya ya san kalkuleta kaɗai ba ta isa ba. Ɗauki ruwan gishiri na 0.9%, giram 9 a lita, ka raba da 58.44 ka samu milimol 154, ka ninka biyu tunda sodiyam da kulorayid rabuwa suke yi, ya zama miliosmol 308, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin da suka narke a ruwan, shi ne ma rubuce a jikin ledar. Amma ka sa shi a osmomita, na'urar da ke auna wannan yawan, wajen 286 ko 287 za ta ba ka, don ƙwayoyin suna ɗan jan juna ba kowa ke cin gashin kansa ba, sannan lissafinka na kowace lita ne, osmolariti, ita kuma na'ura kowane kilo na ruwa take aunawa, osmolaliti. To dole sai da na'ura, tambayar wacce.

Ni dai mai daskarar da samfur nake so, kuma ba na ɓoyewa. Ɗigo kaɗan take buƙata, mikrolita 20 zuwa 50 ya danganta da irin injin, ta sanyaya shi ƙasa da inda ya kamata ya daskare amma bai daskare ba tukuna, sai ta ɗan girgiza shi ko ta taɓa shi da allura mai sanyi, nan take ƙanƙara ta kama, zafi ya ɗan taso ya tsaya wuri ɗaya, wannan wurin take karantawa. Osmol ɗaya (miliosmol 1000) a kilo yana sauke ma'aunin daskarewa da digiri 1.86, shi ya sa ruwan jini mai 275 zuwa 295 ke daskarewa ƙasa da sifili da wajen rabin digiri. Abin da ya sa nake sonta, ba ruwanta da ko abu yana da caji ko ba shi da, gishiri ne, gulukos ne, yuriya ce, alkohol ne, duka tana ƙirgawa. Ka duba ruwan wankin ƙoda na ciki, wanda ake zuba wa mara lafiya a cikin cikinsa, mai sukari 1.5% yana wajen 346, mai 2.5% 396, mai 4.25% 485, gishirinsu ɗaya ne sukarin ne ya raba su, kuma wannan bambancin shi ke jawo ruwa daga jikin mara lafiya. Advanced Instruments da Gonotec da Knauer duk suna yinta, kuma ita ce hanyar da kundin magunguna na Turai ya bayyana. Iyakarta dai yawancinsu a 2000 suke tsayawa, kar ka zuba mata konsantiret na asid, wato ruwan wankin ƙoda mai ƙarfi da ba a tsinka ba tukuna, yadda yake a jarka, sai bayan an gauraya.

Ɗayar osmomitar, mai auna tururi, tana da amfani ga abu mai kauri, amma ba ta ganin alkohol sam, a wurina zancen ya ƙare.

Mitar kondoktibiti kuwa, mai auna yadda lantarki ke ratsa ruwa, dole ce a ɗakin wankin ƙoda, amma ba osmomita ba ce duk wanda ya ce maka hakan ƙarya yake. Za ta nuna maka wajen 14 idan sodiyam yana kusa da 140, gulukos ba ta san da shi ba, kuma sodiyam ya danne komai ta yadda jarka mai potasiyam 2 da mai 4 da kyar za ka ga bambanci. Wannan sai karanta lebul, tare da duba ko konsantiret ɗin na 1:34 ne ko 1:44, wato kashi ɗaya nasa da kashi nawa ake gaurayawa, ya dace da yadda aka saita injin.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. An taɓa kawo mana osmomita na hannu, fes da ita, da takardar kalibreshin, wato shaidar an daidaita ta, da kwalaben ruwan gwaji da ake saita ta da shi wai kyauta, ashe kwalaben an buɗe an sake cikawa. Ruwan gwaji idan ya sha iska ruwansa yana ƙafewa ya ƙara ƙarfi, kai kana gaya wa na'ura 290 ne alhali ya wuce haka, daga nan duk abin da ka auna ƙasa da gaskiya za ta faɗa maka, kuma ba wata ƙara da za ta yi. Wallahi mai yin wannan bai san da ran mutum yake wasa ba, ruwan wanki da ya tsinke yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, wanda ya yi ƙarfi kuma ya tsotse su.

Don Allah kar ka yarda da ruwan gwajin mai sayarwa shi kaɗai. Ka zo da naka, ƴan ampul, wato ƙananan kwalabe da aka liƙe, mai lambar bac (rukunin da aka yi tare) da ranar lalacewa da ba a kankare ba, ka fasa a gabansa. Ka fara da tataccen ruwa, sifili ya kamata ta ba ka, sai ruwan gwaji mai 290 sau da yawa a jere, idan tana tsalle fiye da biyu ko uku ka bar masa kayansa. Ka gwada lambar jikin injin da wadda ke takardar, sau da yawa takardar wani injin ce aka yi fotokofi. Idan ya fara cewa sauri yake ko ai sabuwa ce ba sai an gwada ba, ka tashi kawai. Sannan ka tambayi ƴan bututun samfur da kan firob ɗin, abin da ke shiga samfur ya karanta zafinsa, ana samunsu har yanzu ko kamfanin ya daina yi, don akwai tsofaffin injina masu kyau da ake sayarwa da araha saboda kayan canjinsu sun ƙare a kasuwa.