Poclain, Caterpillar ko 'yan Japan: wacce tsohuwar katafilar haƙa za ka saya a Kaduna?

Duk wanda ke zagaya filayen 'yan kwangila a Kakuri da Kudenda, ko ya bi hanyar Zariya yana leƙa bayan katanga, zai ga tsofaffin motocin haƙa a zube, ciyawa ta fito ta cikin sarƙarsu. Wasu masu su sun rasu, magada na neman kai da su. Wasu kwangila ce ta ƙare aka watsar. Masu zuwa taya su kashi biyu ne: mai son ya tada mota ta shiga aikin yashi a bakin Kogin Kaduna ko haƙar madatsa a gona, da mai sha'awar tsohon ƙarfe da yake son ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ka san a wane kashi kake kafin ka kira dillali, domin motar da ta dace da ɗaya ita ce za ta tsiyata ɗayan.

Bari in fara da wadda ta fi jan ido. Poclain 'yar Faransa ce, ja jawur in fentinta na asali bai goge ba. Samfurinta TY45 mai tayoyi, wanda ya fito a 1961, shi ya kai sunan kamfanin ko'ina. Da yawansu injin Deutz na Jamus ne a ciki, mai sanyaya kansa da iska: babu lagireto, babu zancen ruwa ya tafasa a zafin watan Afrilu. Sharaɗinsa dai a riƙa hure ƙura daga haƙarƙarin injin, musamman lokacin hunturu, in ba haka ba ya gasa kansa. Bakaniken Deutz bai da wuyar samu, don an yi ta amfani da irin injin a janareto da manyan motoci. Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren man haidirolik. Poclain na aiki da matsin mai mai ƙarfi ƙwarai, sama da bar 300 a ma'aunin matsi, tiyonta da robobin silindarta ba kowanne ke shiga ba. Kamfanin Case na Amurka ya fara sayen hannun jarinsa a 1977, sannu a hankali sunan Poclain ya ɓace daga kan motocin haƙa. Yau in famfonta ya mutu, sai dai ka nemo wata mushen ka ciro. A ganina Poclain ta mai sha'awa ce, wanda ba ya jiran ta ciyar da gida.

Caterpillar ta makara wajen shiga wannan fage, sai a 1972 ta fito da 225, sannan 235 ta biyo baya. Nan ka tsaya ka duba injin da kyau. 225 yawanci injin 3208 ne mai silinda takwas, wanda ba shi da hannun riga da ake zarewa a sa sabo. In ya cinye, sai an kai shi an rarake, aikin kuɗi. Ita kuwa 235 injin 3306 gare ta, wanda duk bakaniken katafila a Arewa ya buɗe shi ya rufe ba adadi, kayansa kuma ana samu a Kaduna, in an rasa a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Amma nauyinta ya kusa ninka na motar tan 20, shan man gas ɗinta ma haka. Wanda aikinsa haƙar tushen gida ne a Rigasa ko Mando, bai da abin yi da ita. Ba ma kowane lungu za ta shiga ba.

In aiki kake nema, ni 'yan Japan zan nuna maka. Hitachi EX200, wadda aka fara a 1987, injin Isuzu 6BD1 ne a cikinta, ɗan gidan injunan da ke cikin motocin ɗaukar kaya, saboda haka fistin da zobe ba sa gagara. Komatsu PC200 ta shekarun 1980 ita ma ba ta cika rigima ba. Dukkansu wajen tan 20 ne, daidai yawancin aikin da ake samu a nan. Abin lura, duk yadda samfurin ya ƙara zama sabo, wayoyi da kwamfuta na ƙaruwa. Za ka tarar da wasu an yanke wayoyin an ɗaure famfo a wuri ɗaya, mai ita ya ce maka, "Alhaji, ai mun huta da ciwon kai." Tana aiki, gaskiya ne, amma tana shan mai fiye da ƙima, man haidirolik na saurin zafi. Ka rage masa kuɗi a kan wannan. Caterpillar 320 ta farkon shekarun 1990 ita ma a wannan layin take, kuma ta fi saurin sayuwa ranar da ka gaji da ita, sai dai farashinta ba na wasa ba ne.

Akwai O&K da Liebherr na Jamus jefi-jefi. Ƙarfe ne mai kyau. Kada ka taya sai ka ga mutumin da ya taɓa gyara irinta da idonka.

Ranar dubawa ka je da sassafe da bakanikenka, ba na mai mota ba, ka dafa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar. Injin da aka ɗumama tun kafin ka iso akwai abin da ake ɓoyewa. A buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana huci. A leƙa tankin haidirolik: in man ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Sannan a bar ta ta yi aiki kamar awa guda, domin famfon da ya gaji da safe jarumi ne, sai mai ya yi zafi hannu ke mutuwa. A ɗaga bokiti sama a kashe injin, a ga ko zai riƙa sauka da kansa. A dafa bokitin a ƙasa a danna, kai kuma ka tsuguna ka kalli inda jikin ke juyawa a kan ƙafafu. In yana ɗagawa, zoben da jikin ke juyawa a kai ya lalace ke nan, shi kaɗai zai iya cinye ribar cinikin. Sabon fenti a kan hannu abin zargi ne, a kankare a nemi walda. Masu walda da masu juya ƙarfe a Panteka za su yi maka fil da bushin, su cike haƙoran bokiti, amma sarƙar da ta cinye da famfon da ya mutu sai saye.

Ka ɗauki hoton farantin da ke ɗauke da lambar mota da ta injin, da shi za a nemo maka kaya. Tsofaffin nan da yawa an sha musanya musu injin. Ka nemi izinin maigadi tukuna, masu fili ba sa son a ɗaga waya a kan kayansu.

Wajen ciniki, ka sani 'yan gwangwan ma suna taya motar a kan kilo, kuma mai ita ya san abin da suka ba shi, ba zai sallama ƙasa da haka ba. Ka nemi rasit da takardun kwastan. In kayan gado ne, magada su sa hannu gaban shaidu. La'adar dillali da kuɗin tirelar da za ta ɗauko ta, a yanke wanda zai biya tun kafin a ce an sallama. Motar da ba ta tashi kuwa, sai ka ƙara da kuɗin wata da za ta ɗora ta a kan tirelar.