Shuwaka ko Tumfafiya? Abin Dasawa a Legas Don Kudan Zuma

Ruwan Legas ya kan rufe wa mutum ido, har ya manta cewa daga Disamba zuwa Maris ƙasa na bushewa ƙarƙaf, musamman a yashin Lekki da Ajah. Lokacin ne ake son shukar gida da za ta ba kudan zuma da malam-buɗe-littafi fure. Shukar da za a saya ita ce wadda za ta jure jiƙar Yuni, ta kuma yi fure da hunturu ba tare da bayi kullum ba.

A nan babu kamar shuwaka, wadda Yarbawa ke kira ewuro. 'Yar ƙasa ce, kuma da rani take fitar da fararen furanni masu ƙamshi a kan rassanta, ka ji zuma na ta ƙugi a kai da hantsi. A samu reshe mai ƙwari, tsawon santimita 25 zuwa 30, mai gaɓa uku ko huɗu, a soka rabinsa a karkace cikin Afrilu ko Mayu. A bar tazarar mita ɗaya da rabi. In ƙasar rairayi ce, a haƙa rami mai zurfin santimita 40 a cakuɗa da kashin shanu da ya ruɓe. Ɗanye yana ƙona saiwa. Inda ake yin kuskure shi ne yawan yanka don miya: wadda ake tsinke wa kai duk mako ba za ta yi fure ba. A dasa uku, a ci biyu, a bar ɗaya ta tashi daga Oktoba.

Daidoya ce ke biye mata. Tana zama a bokiti, zuma na son furenta, sai dai in rani ya yi tsanani tana neman ruwa sau biyu a mako. Tumfafiya na jure komai, kuma ganyenta ne tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo ke ci, amma farin ruwanta na cutar da ido, ba ta dace da gidan haya mai yara ba. Kariya kuwa, shukar nan mai kaurin gindi da jan fure, ta Sahel ce, ruwan Legas ruɓar da gindinta yake yi.

Sai a yi hattara da masu sayar da fulawa a bakin titi. Wasu reshe kawai suke yankowa mai fure, su cusa a leda da safe. Ka riƙe gindin ka ɗan ja a hankali: in ya taho salin-alin, ba saiwa. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta, shukar da ta kama za ka ga fararen saiwoyi a ramukan. Kada ka yarda da "ta gida ce, Alhaji": furannin adon nan, lantana da bougainvillea, daga nahiyar Amurka suke, ixora da ake jerawa daga Asiya. Lantana ma cinye fili take yi. Shuwaka kuwa, ka murza ganye ka ɗanɗana, ɗacin ba ya ɓuya. Ƙasar ledar kan zo da irin ciyawar nan da ake kira Akintola, a tuge ta tun tana ƙarama.

Mafi muni shi ne feshin maganin ƙwari. In ganye na warin magani ko ya yi farin tabo, ka bar shi. In ka riga ka saya, ka cire furannin da ya zo da su, ka wanke ganyen, ka jira sabon toho.