Na gwada Redding Competition Seating Die a kan harsashin 9mm

A Texas, inda doka ta bar mai wasan harbi ya haɗa harsashinsa a gida, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a filin atisaye. Wasu na rantsuwa cewa ƙari ko ragi a tsawon harsashi da bai wuce kaurin gashi ba shi ke sa harbin fistol ya taru wuri guda. Gardamar ce ta sa na sayi Redding Competition Seating Die, ƙarfen da ke dasa kan harsashi cikin kwanso, wanda kamfanin Redding na garin Cortland a jihar New York ke ƙerawa.

Aikin ƙarfen ba abin kushewa. A samansa akwai abin murɗawa mai layuka, kowane layi inci 0.001 ne. In ka rubuta lambar da ka tsaya a kai, ka je ka yi wani aiki da wani irin kan harsashi, ka dawo ka mayar, tsawon zai koma inda ka bar shi. Da tsohon ƙarfena mai araha sai ka kwance noti, ka murɗa da ka, ka auna, ka sake. A ciki kuma akwai sanda mai sifirin da ke kama kan harsashi ta miƙar da shi kafin ta tura shi. Nan na fi ganin amfanin kuɗina: kumburin nan na gefe ɗaya da ke fitowa a jikin kwanso in kai ya shiga a karkace ya kusa ɓacewa.

To, saitin fa? Na ɗora bindiga a kan buhun yashi, allo na nisan yadi 25, da kai mai nauyin giren 124 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi), na yi ta sauya tsawo kaɗan-kaɗan a cikin iyakar da littafin awon haɗa harsashi ya yarda. Gaskiya bambancin bai taka kara ya karya ba. Akwai tsawon da ya ɗan fi taruwa, amma rawar hannuna a tsaye ta ninka wannan ribar. Abin da ya ragu sosai shi ne harsashi ɗaya da kan balle ya bar 'yan'uwansa, kuma ina danganta hakan da miƙewar kai, fiye da tsawon kansa. Masu doguwar bindiga suna da hujja in sun damu da tazarar da ke tsakanin kai da tsagin cikin bututu, don su a yadi ɗaruruwa suke harbi. Mu 'yan fistol aro muka yi.

Inda tsawo ke da magana da gaske wuri biyu ne. Na farko, shiga. SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar tsawon 9mm a inci 1.169, wato milimita 29.69, amma ba kowane bututu ke karɓar haka ba. An san bindigogin kamfanin CZ da gajeren maƙogwaro, wato filin da ke cikin bututu kafin tsagi ya fara, kai mai faɗin baki yakan taɓa tsagi tun bai kai wannan iyaka ba. Shi ya sa nake cire bututun, in jefa harsashi ciki: in ya zauna da ƙara "ƙwal", ya juya da yatsa, ya kuma faɗo da kansa in na kife, ya yi. Na biyu, matsi, kuma wannan ba wurin wasa ba ne. Kwanson 9mm milimita 19.15 ne kacal, iyakar matsinsa 35,000 psi (fam a kan kowane murabba'in inci). Kana ƙara nutsa kai, kana rage wa albarushi fili, matsi na tashi da sauri. Duk wanda zai gajarta ƙasa da abin da littafin awo na kamfanin Lyman ko Hornady ya rubuta, dole ya rage albarushi ya faro daga ƙasa.

Kada kuma ka ɗora wa ƙarfen laifi in ma'auni ya nuna maka bambancin layi biyu ko uku tsakanin harsasai. Shi a kafaɗar kai yake turawa, kai kuwa tsini kake aunawa, kuma tsinin ba ya zuwa iri ɗaya daga masana'anta.

Ka sani ƙarfen nan ba ya matse bakin kwanso, sai ka tanadi wani ƙarfen daban, ke nan ƙarin gurbi a injinka. Kuɗin na Redding shi kaɗai ya fi na cikakken jerin ƙarafa masu araha. Mai gasar USPSA, ƙungiyar wasan harbi ta Amurka, da ke yawan sauya kai tsakanin giren 115, 124 da 147 zai more shi. Wanda ke da kai iri ɗaya da bindiga ɗaya, ya riƙe kuɗinsa ya ƙara sayen kayan atisaye.