Gyaran kulochin motar rairayi a Sina'iyyar Riyad: aikin ya biya kuɗinsa

Masu hawa tudun yashi a Sumama, hamadar da ke kusa da Riyad, sun san matsalar: a sa wa motar rairayi Polaris RZR tayoyi masu faɗi, sai injin ya dinga nishi a tsakiyar hawa, bel na warin ƙuna. Kulochinta irin na babur ɗin ƙanƙara ne, bel tsakanin fayafai biyu, kulochin gaba da na baya, shi ya sa gyaran ma iri ɗaya ne.

Akwai wani gareji a Sina'iyya, unguwar masana'antu ta Riyad, da ba ya sauya kaya da ka. Bakaniken yakan fara duba inda juyin injin ke tsayawa idan an taka mai har ƙasa. In ya gaza kaiwa wajen juyi 8,000 a minti ɗaya, sai ya rage nauyin ƙarafan kulochin gaba, giram ɗaya ko biyu, a gwada, a dawo. Sifirin kulochin baya kuma yakan sa mai ɗan tauri domin bel ya daina zamewa a zafin Riyad. Nan ne ƙwarewarsa take, don in aka rage nauyin fiye da kima injin zai yi ta ihu ba gudu.

Inda ya gaza: ba ya hure ƙurar cikin murfin kulochin sai ka roƙa, sabon bel ma ba ya wankewa da ruwan sabulu. Ku tuna masa, kuma ku tafi a hankali kilomita 30 na farko bayan sa sabon bel.