Tubali, Bulon Siminti ko Matsattsen Bulo: Da Me Za Ka Gina Masaukin Baƙi a Gona?

A ƙasashen da ake noman inabi sosai, irin su Faransa da Italiya da Afirka ta Kudu, manomi kan gina 'yan ɗakuna a tsakiyar gonarsa, baƙi su zo su kwana su biya. Can giya ce ke jan baƙin. Mu ba ruwanmu da wannan, amma muna da lambunan mangwaro da gwaiba, ga inabin ci da ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna, ga kuma iyalai a cikin birnin Kano da ke neman inda za su sha iska ƙarshen mako. Idan kana da gona wajen Tiga ko Bagauda ko Kura, kana tunanin yin irin wannan masauki, to kafin ka biya kuɗin tifar yashi ta farko, zauna ka auna kayan ginin.

Bulon siminti shi ne abin da kowane magini zai fara kawo maka. Yana da sauri, ana samunsa ko'ina, ma'aikatansa ba sa wuya. Matsalarsa zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, bangon bulo mai inci shida yakan kwashi rana tun hantsi, ya riƙa amayo ta cikin ɗaki har tsakar dare. Sai ka koma sayen na'urar sanyaya ɗaki, ka ƙara farantan sola da batura, ko ka kwana kana ƙona man janareta. Baƙon da ya gudo daga ƙarar birni ba zai biya kuɗi ya kwana da ƙarar inji ba.

Ginin tubali kuwa, duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana ya san abin da nake nufi. Kana sa ƙafa a zaure za ka ji sanyi ya sauko maka a kafaɗa. Kaurin bango ne ke yin wannan aikin: ƙasa tana jinkirta zafi, kafin ya ratso ciki dare ya yi, da hunturu kuma ta riƙe ɗumi. Ƙasar ma sau da yawa daga gonarka za a haƙa. Ga kyau: bakan gizo da ɗaurin guga a rufin ɗaki, zanko a saman soro, zane a fuskar gida. Abin da baƙo zai ɗauka a waya ke nan ya nuna wa wasu.

Sai dai tubali yana son mai kula. Dole a duba yaɓe kafin kowace damina, musamman bangon gabas, inda hadari ke bugowa. Dole a share indararo, domin idan ya toshe ruwan Agusta ya kwanta a kan soro, rufin ya fara tafiya ke nan. Magabata suna da yaɓen da ke kare gini daga ruwa: makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Amma gwanayen da suka iya haɗin sun yi ƙaranci, azarar giginya mai kyau ta yi tsada, kuma azara ɗaya ba ta ƙetare faɗin da ya kai mita biyu sai an yi mata dabara. Idan zamanka a Nassarawa ko Hotoro yake, gonar kuma sai wata-wata kake leƙa ta, kada ka yi dukan ginin da tubali. Abin takaici ne ka ga soron da aka kashe wa dukiya ya zube saboda ba a tura yaro ya share indararo ba.

Na uku shi ne matsattsen bulo na jar ƙasa. Ana tankaɗe ƙasar, a zuba siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse da inji, a rufe shi ana yayyafa masa ruwa har ya ƙosa. Ba a gasa shi, saboda haka ba a sare itace dominsa. Yana jure ruwa fiye da tubali, ya fi bulon siminti sanyi, kuma ba ya buƙatar filasta ko fenti. Da irinsa mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, a yanayi irin namu, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar iska tana ratsawa tsakani. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya.

Ni matsattsen bulo zan zaɓa wa ɗakunan kwana, in bar tubali ga zaure ko wurin cin abinci, inda gyara ba zai tayar da baƙo ba. Amma a yi hattara wajen saye. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Mai yumɓu da yawa tana tsagewa, mai yashi da yawa tana marmashewa. Ka sa a buga maka gwaji da ƙasar gonarka, ka jiƙa guda a bokiti ya kwana. Idan da safe gefensa ya narke, ko ka karce shi da ƙusa ya zubo gari, nemi wani mai injin.

Ko wanne ka ɗauka, harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya taso sama da ƙasa yadda ruwa da gara ba za su samu hanya ba. Bakin rufi ya fito sosai ya kare bango. Dogayen bangaye da tagogi su fuskanci kudu da arewa, yamma kuma a dasa mata darbejiya ko mangwaro tun kafin a fara haƙa. A sa tankin tara ruwan rufi, domin daga Oktoba zuwa Mayu sai abin da ka adana ko rijiyar burtsatse. Kuma kafin ka ba magini kafin alƙalami, ka ce ya kai ka ginin da ya yi wanda ya ga damina uku, ka zagaya ta bangon gabas ka duba gindinsa da idonka.