Gargaɗi ga masu motar dizal: kar ku yarda a cire muku fanfon mai kafin a duba taimin

Jama'a, ga wata damfara da saura ƙiris ta rutsa da ni, kuma na tabbata ba a kaina aka fara ba.

Wata uku da suka wuce wani bakanike ya canza mini bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke sa sassan inji su yi aiki a daidai lokacinsu. Ya ce cikakken saiti za a saya, bel da tenshana (mai ɗaure bel ya yi tauri) da fuli (faifan da bel ke bi ta kansa). Na ba shi kuɗi, ya nuna mini kwali sabo dal, na tafi harkokina. Rannan da safe mota ta ƙi tashi sai da batir ya kusa mutuwa. Da ta tashi, sai farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, inji na karkarwa, in na taka totur kamar roƙonta nake yi. Na koma wurinsa. Ko bonet bai gama ɗagawa ba ya girgiza kai ya ce, "Maigida, fanfon mai ya tafi. Amma ka yi sa'a, akwai wani a hannuna mai kyau."

Allah ya sa kafin in amince na fara biyawa ta wurin wani dattijon bakanike, abokin mahaifina. Baba bai ce uffan ba, ya kwance murfin bel, ya sa sifana a kan karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) ya juya inji da hannu har fistin na ɗaya ya kai sama. Alamar taimin ta karanshaf ta zauna daidai, ta kamshaf (sandar da ke buɗe bawul, ƙofofin iska da hayaƙi) ma haka. Ta fulin fanfon mai kuwa ta kauce da haƙorin bel ɗaya. Shi ke nan ciwon. Mai na shiga silinda a makare, ba ya ƙonewa sosai, shi ya sa hayaƙin da wahalar tashi. Fanfona lafiyarsa ƙalau.

Ga inda wayon yake. A irin injin da bel ɗin taimin ke juya fanfon mai, galibi ba a sa wani fanfo sai an sake saita taimin. Ka ga da ya ɗaura nasa, mota za ta tashi garau, in yi masa godiya har da addu'a, shi kuma ya ajiye fanfona mai lafiya ya jira mutum na gaba. Alamomin tsallaken bel da na lalacewar fanfo ko nozul (mai fesa mai cikin inji) kusan ɗaya ne, mai mota ba shi da bakin musu.

Me ya sa bel ɗin wata uku zai yi tsallake? Baba ya miƙo mini tenshana ya ce in juya. Sai ƙarar ƙwar-ƙwar, tsohuwa ce aka wanke da fetur aka mayar. Bel ɗin kuma, ya goga babban yatsa a bayansa, rubutun ya bi yatsan. Jabu ne. Masu jabu suna kwaikwayon kwalayen manyan kamfanoni irin su Gates da Dayco da Continental, don haka kwali ba shaida ba ne.

Kuma na tsallake rijiya da baya. Injin dizal yana matse iska ninki 16 zuwa 22, don haka tazarar da ke tsakanin fistin da bawul ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Da a kan kamshaf bel ɗin ya zame haƙora biyu ko uku, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, sai sauke kan inji. Saboda haka in kun yi zargin taimin ya goce, ku daina murza makulli, kar kuma a tura motar don ta tashi. Ku ce a nuna muku alamomin taimin ɗin da idonku, aikin 'yan mintuna ne. A sababbin motoci, na'urar bincike kan nuna lambar P0016 idan karanshaf da kamshaf sun saɓa. A duba ko baƙin mai na ɗiga kan bel, ko fanfon ruwa na girgiɗi, don su ma suna sa bel ya yi tsallake. Bayan an saita, a juya inji da hannu sau biyu cif kafin a tayar, domin sai karanshaf ya zagaya sau biyu kamshaf ke yin ɗaya.

Na koma wurin mutumin na ce ya ba ni tsohuwar tenshanar da ya ce ya cire. Ya sosa ƙeya ya ce yaronsa ya zubar. Na ciro ta daga leda na ɗora masa a kan benci.