Dattijon da ya hana tashata gudu

A Kano yau, idan waya ta lalace masu gyara ba su ƙirguwa, amma mai gyaran rediyon gajeren zango sai an tona. Wanda na samu dattijo ne mai ɗan shago a wani lungu kusa da kasuwar Sabon Gari. Duk mai tsohuwar rediyon da tasha ke zame mata, can zan tura shi, in dai yana da haƙuri.

Tawa ƙirar Japan ce mai allurar nuna tasha da zare ke ja, gadon mahaifina. Sai ka saita BBC Hausa a mita 16 ko 19, murya tar, kafin a gama kanun labarai ta fara shaƙewa, ka bi ta da maɓalli, can an jima ta sake gocewa. A mita 49, inda a da muke kama Rediyon Najeriya Kaduna a kan kilohaz 6090, abin da sauƙi.

Bai ɗauki sukudireba ba sai da ya tambaye ni: "Malam, muryar raguwa take yi ta dawo da kanta, ko sai ka murɗa?"

Na ce, "Baba, sai na murɗa."

Ya ce to laifin na cikin gida ne. Idan murya na tafiya tana dawowa da kanta, wannan halin gajeren zango ne, domin sautin sai ya daki sararin samaniya yake faɗowa ƙasa, babu mai gyaran da zai iya masa komai. Amma a cikin rediyo akwai sashen da ke haifar da tasa kaɗawar lantarki, a gauraya ta da ta tashar, bambancinsu ya tsaya a kilohaz 455. Da wannan sashe ya ɗan karkace, tasha ta tafi. Tashoshin gajeren zango kuwa tazarar kilohaz 5 ce tsakaninsu. A mita 19, wajen megahaz 15, wannan kashi ɗaya ne cikin 3,000. Shi ya sa ciwon ya fi bayyana can sama, a mita 16 da 19.

Yadda ya bi abin ne ya sa nake yabonsa. Ya fara auna batir, don batir mai rauni kaɗai kan sa tasha yawo. Nawa lafiya lau. Ya buɗe baya, ya bar ta a kunne ta ɗumama, sannan ya ɗauki kwankon biro yana ƙwanƙwasa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, kunnensa na kan lasifika. Da ya taɓa makunnin sauya mita, murya ta yi tsalle. Haƙoransa sun yi baƙi, ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta daskare a kai. Ya fesa maganin wankewa, ya yi ta kai shi yana komowa har ƙarar ta ɗauke. Ya sake ƙwanƙwasawa kusa da wani ɗan naɗin waya, ta kuma tsalle. Ya miƙo min gilashin ƙara girma, sai ga dalmar ƙafarsa ta tsage zagaye, siririya kamar silin gashi. Ya narka sabuwa. Kakin da ke riƙe da baƙin dutsen cikin naɗin ma zafin Kano ya cinye shi, dutsen na motsi. Ya saita shi da sukudireban roba, ya ɗiga kaki.

Saura zamewar da zafi ke kawowa. Ya kusanto da ƙarfen narka dalma kusa da ƙananan kwandensoshi, wato 'yan kayan da ke riƙe cajin lantarki, ba tare da ya taɓa su ba. A kan ɗaya, tasha ta arce nan take. Ya ciro irinta daga wata matacciyar rediyo a ƙarƙashin tebur, ya ce ba kowace mai lamba ɗaya ce ke jure zafi iri ɗaya ba. Ƙananan gwangwanayen nan masu kawuna kala-kala da ke cikin rediyo, waɗanda aka saita tun daga kamfani, kuwa ko kallonsu bai yi ba. A ganina nan ake gane gwani, don rabin rediyoyin da suka kurumce a gidajenmu wani ne ya bi waɗannan da sukudireba yana neman sa'a.

Yana da nasa. "Dawo jibi" a bakinsa na iya zama mako. Ba ya ba da rasit, ba ya cika ɗaga waya, kuma idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, tun da ba shi da janareta. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa ba za ta koma sabuwa ba: da sanyin asuba har yanzu takan ɗan matsa a mintunan farko, na gyara sau ɗaya ta zauna har ƙarshen shiri. Kuɗin da ya karɓa bai kai na sabuwar ƙaramar rediyon China ba.

In za ka je, tafi da sababbin batura, ka kuma riƙe mitar da lokacin da tashar ta fi gudu, don zai tambaya. Ka isa kafin la'asar, daga masallaci gida yake wucewa.